Me ya sa kiran sallar asuba yake zuwa daga nesa, na azahar kuwa da ƙyar yake ƙetare unguwa?

Wani bawan Allah mazaunin Gwammaja ya aiko da tambaya. Ya ce a duk lokacin hunturu, idan ya farka gab da assalatu, yakan ji kiran salla daga masallatan da bai ma san inda suke ba, har da rugugin jirage daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kamar a bayan katangarsa suke tashi, alhali da azahar ko kiran masallacin da ke bakin titinsu da ƙyar yake shigo masa ɗaki. Yana so ya san ko ladanai ne suke ƙara murya da dare, ko kuwa, kamar yadda wani abokinsa ya gaya masa, sanyi ne yake sa sauti ya ƙara gudu.

Malam, abokin naka ya hango gaskiya amma ya kama ta a baibai. Sanyi yana da hannu a cikin lamarin, sai dai ba ƙara wa sauti gudu yake yi ba, rage masa yake yi, kuma wannan ragin shi ne yake kawo maka muryar ladanin da ke can wata unguwa. Na daɗe ina koyar da fiziks a makarantar sakandare, kuma ni ake nema a unguwarmu idan lasifikar masallaci ta sami matsala, saboda haka na san wannan batu a allo, na kuma san shi a bisa tsani. Abin da zan so ka riƙe tun daga farko shi ne, tambayar taka tambaya biyu ce a haɗe. Sautin da ke kusa da kai, shirun dare ne yake fito da shi fili. Wanda ke nesa kuwa, ita kanta iskar da yake ratsawa ce take sauya tsari bayan faɗuwar rana, ta dawo da shi ƙasa maimakon ta watsa shi sama.

Kafin mu je can, sai mu san mene ne yake tafiya idan aka ce sauti ya tafi. Ka ɗora yatsunka a maƙogwaronka ka yi magana, za ka ji yana karkarwa. Idan kuma ka sami ganga, ka zuba ƙwayoyin gero kaɗan a kan fatarta ka buga gefe, za ka ga geron yana tsalle. Duk wani sauti daga irin wannan girgiza yake farawa. Fatar gangar tana tura iskar da ke jikinta, ta matse ta, sannan ta ja baya ta sake ta, ita kuma waccan iska ta tura wadda ke gabanta, haka dai har matsin ya iso kan wata 'yar fata da ke cikin kunnenka ya girgiza ta. Iskar da ke bakin ladani ba ita ce take zuwa ɗakinka ba. Ka tuna yadda dogon layi yake a ranar cunkoso: wani ya yi turi daga can baya, turin ya bi mutum bayan mutum har ya kai na gaba, amma wanda ya fara turin yana nan inda yake. Saboda haka dole ne sauti ya sami abin da zai bi, ko iska, ko ruwa, ko ƙarfe. Wani masani ɗan Ailan mai suna Robert Boyle ya gwada wannan tun a shekarar 1660, inda ya rataye agogo a cikin tulun gilashi ya riƙa zuƙe iskar da ke ciki, sai ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, ga shi kuma yana gani da idonsa agogon bai tsaya ba.

Gudun wannan turi a cikin iska ya kai kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iskar digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyos. A ruwa yakan kai wajen mita 1,500, a ƙarfe kuwa ya haura 5,000. Idan aka gwada shi da haske, wanda yake cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti tafiyar hawainiya yake yi. Shi ya sa ranar hawan salla, idan kana nesa da 'yan bindiga, kake ganin hayaƙi ya turnuƙe kafin ƙarar ta iso, kuma shi ya sa da damina za ka iya ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da tsawa ka raba da uku, ka sami yawan kilomitocin da ke tsakaninka da inda aradun ta faɗi.

Wannan gudu ba a tsaye yake ba, da zafi yake tafiya. Idan iska tana digiri sifili, gudun mita 331 ne a daƙiƙa, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara masa kusan mita 0.6, domin ƙwayoyin iska mai zafi sun fi kazar-kazar, sun fi saurin miƙa turin ga maƙwabtansu. Da asubar watan Janairu a Kano, idan sanyi ya sauko zuwa digiri 13, sauti yana tafiyar mita 339 ke nan. Da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, yana yin 355. Ka ga kuwa maganar abokinka ta rushe. Kuma ko da a ce ta tabbata, saurin isowa daban, ƙarfin sauti daban, domin wasiƙar da ta iso da wuri ba ta ƙara tsawo ba.

Bari mu fara da shiru, tunda shi ne ya fi sauƙin fahimta, kuma a ganina shi ne yake da kaso mafi girma a mafi yawan abin da mutane suke ji da dare a cikin gari. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa takan kai kamar 30, hira ta yau da kullum kamar 60. Ma'aunin yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani: ƙarin desibel 10 kunne yana ɗaukarsa kamar an ninka ƙarar sau biyu, kuma a fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga lasifika sau goma, desibel 20 ne suke zubewa. A ce ƙahon lasifikar wani masallaci yana ba da 110 ga wanda ke tsaye mita ɗaya daga bakinsa. A mita 10 ya zama 90, a mita 100 ya zama 70, a kilomita ɗaya ya koma 50, tun ma ba a cire abin da gine-gine da ita kanta iskar suka cinye ba. To, ka ɗauki wannan 50 ɗin ka ajiye shi a bakin titin Katsina da ƙarfe biyu na rana, inda adaidaita sahu suke ta ham, ga manyan motoci, ga injin markaɗe, ga janaretocin masu shaguna, ga mai tallan magani da tasa lasifikar a kan mota. Hayaniyar babban titi irin wannan takan zarce 70 cikin sauƙi. Kiran sallar yana nan a cikin iskar, ya iso har kunnenka, amma an binne shi. Da ƙarfe biyar na asuba kuwa, lokacin da hayaniyar lungu mai natsuwa take sauka ƙasa da 40, wannan 50 ɗin dai da bai ƙaru da komai ba shi ne yake tsayawa shi kaɗai a fili. Fitilar aci-bal-bal ce, da rana ba ka ko san an kunna ta ba, da dare ta haska zaure guda. Wannan shi ne bayanin ɗigar famfo da kukan sauro da ƙarar agogon bango da suke damun mutum da tsakar dare, duk ba ruwansu da sanyi ko zafi.

Amma shiru kaɗai ba zai bayyana abin da ka lura da shi ba, wato cewa a hunturu abin ya fi yawa, alhali garin yana yin shiru da asubar kowane wata. A nan ne maganar ta yi daɗi.

Rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ita kuma ƙasar ta gasa iskar da ke kwance a kanta. Don haka da rana iskar da ke daf da kwalta da rufin kwano ita ce mafi zafi, kuma iya hawanka sama iya ƙaruwar sanyi. Sautin da ya fito daga lasifika yana tafiya ne kamar faffaɗan bango, ƙasansa yana cikin iska mai zafi yana sauri, samansa yana cikin mai ɗan sanyi yana jan ƙafa. Ka dubi kurar ɗan garuwa idan ya ratso ta gefen titi, taya ɗaya a kan kwalta, ɗaya ta faɗa rairayi. Tayar da ke cikin rairayin takan rage gudu, ɗayar ta ci gaba, sai kurar ta karkata da kanta zuwa ɓangaren rairayin ko da bai juya ta ba. Haka sauti yake yi, kullum yana lanƙwasawa zuwa ɓangaren da tafiya ta fi yi masa nauyi, wato ɓangaren sanyi. Da rana sanyi yana sama, saboda haka sautin yakan lanƙwashe ya yi sama, ya wuce ta bisa kan mutanen da ke nesa, ya bar su a cikin abin da masana suke kira inuwar sauti. Haske ma yana yin irin wannan karkata a kan kwalta mai zafi, kuma ita ce kawalwalniyar da direba yake hangowa a hanyar Zariya da tsakar rana kamar ruwa ya kwanta a titi, alhali hoton sararin sama ne ya lanƙwaso ya shigo idonsa ta ƙasa.

Bayan magariba sai al'amarin ya juye. Ƙasa tana sakin zafin da ta tara zuwa sararin sama, ta huce da sauri, ta sanyaya iskar da ke jikinta, yayin da iskar da ke can bisa, mita hamsin ko ɗari, take riƙe da sauran ɗumin yini. Zuwa asuba, lokacin da ƙasa ta kai ƙarshen hucewarta, sai ka sami shimfiɗar iska mai sanyi kwance a kan gari, mai ɗumi kuma ta rufe ta kamar murfi. Yanzu sanyi yana ƙasa, don haka sautin da ya nufi sama sai ya lanƙwaso ya dawo. Bambancin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. A ce a ƙasa digiri 13 ne, a mita ɗari sama kuma 18. Tazarar gudun mita uku ce kacal a daƙiƙa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Amma idan ka zauna ka yi lissafin, sautin da ya bar lasifika yana ɗan ɗaga kai da kusurwar digiri biyar zai hau sama kamar mita arba'in, ya tsallake duk rufin gidaje da katangun da za su tare shi, sannan ya sauko ƙasa a wajen kilomita biyu daga inda ya fito. Daga nan zai iya dukan ƙasa ya sake tashi, ya sake saukowa gaba. Sautin da da rana zai watse a sama ba wanda ya ji shi, da asuba an tsare shi tsakanin ƙasa da wannan murfi, yana bin gari a kwance.

Wannan murfi ana iya ganinsa da ido. Ka fito bayan sallar asuba a cikin Disamba ka tsaya kusa da mai ƙosai ko mai shayin da ya hura itace. Hayaƙin zai tashi kaɗan, ya kai tsayin falwaya ko ya ɗan wuce, sai ya tsaya cak ya baje a kwance kamar an shimfiɗa mayafi a kan unguwa. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da sassafe a wannan lokaci ya san yadda ake ganin birnin a lulluɓe da wannan shuɗin hayaƙi, dogayen gine-gine da hasumiyoyi suna leƙowa ta samansa. Hayaƙin ya kasa hawa ne saboda ya tarar da iskar da ta fi shi ɗumi a bisa. Duk safiyar da ka ga haka, to a daren sauti ya yi tafiya mai nisa. Zuwa hantsi, da rana ta sake gasa ƙasa, murfin yakan tarwatse, hayaƙin ya miƙe sama, muryoyin nesa su ɗauke.

Dalilin da ya sa hunturu ya fi kuwa shi ne, ƙasa ta fi hucewa a daren da babu gajimare kuma iska a bushe take, domin gajimare da laima bargo ne, suna mayar wa ƙasa da zafinta. A daren Agusta mai hadari bambancin zafin rana da na dare kaɗan ne, murfin ba ya yin ƙarfi. A daren Janairu kuwa, garin da ya kai digiri 30 da rana zai iya rasa fiye da rabin wannan kafin gari ya waye. Ƙurar hazo ita kanta ba ta ɗaukar sauti, abokiyar tafiya ce kawai da takan zo a lokaci guda.

Akwai kuma kaɗawar iska, wadda ta shafi maganar jiragen da ka yi. Iska ta fi gudu a sama fiye da daf da ƙasa, inda gidaje da itatuwa suke rage mata ƙarfi. Sautin da ke tafiya tare da ita, samansa yana samun ƙarin gudu fiye da ƙasansa, sai ya sunkuyo ƙasa. Wanda ke fuskantarta kuwa sama yake yi. Wani masani mai suna George Stokes ya yi wannan bayani a 1857, wani masanin kuma, Osborne Reynolds, ya gwada shi a fili a Ingila a 1874, ya haɗa da bayanin zafi da sanyin da na kawo a sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, filin jirgin kuma ta wannan ɓangare yake da ku mutanen Gwammaja da Dala, don haka a wannan lokaci kuna bakin hanyar sautin. Da damina, da iskar ta juya ta koma busowa daga kudu maso yamma, sai rugugin ya fi karkata ga waɗanda ke ɗaya gefen filin.

Tun kafin waɗannan biyu, wani matafiyi Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya ci karo da irin tambayarka a shekarar 1800 a bakin kogin Orinoko da ke Benezuwela ta yau. Ya lura cewa ƙugin ruwan da ke gangarowa ta kan duwatsu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba da dare, har ya ƙiyasta ninki uku. Abin da ya ba lamarin armashi shi ne, a wannan daji dare ya fi rana hayaniya saboda kukan ƙwari, don haka ba za a ce shiru ne ya jawo ba. Shi ya danganta abin da yadda rana take gasa duwatsu da ciyayi ba daidai ba, iska ta yi ta tashi guda-guda, wani mai zafi wani mai sanyi, suna wargaza sautin a hanya. Wannan ma gaskiya ne, kuma kai ma kana ganin irin wannan tafasar iska tana rawa a kan rufin kwano da azahar. Da dare iskar takan kwanta luf, sauti ya ratsa ta ba tare da an yi masa kaca-kaca ba.

Wataƙila ka lura cewa ladanin nesa kana jin amon muryarsa da jan da yake yi, amma ba ka rarrabe haruffa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Siririn sauti, irin na sarewa ko na harafin “s” da “sh” da “f”, mai yawan girgiza ne, kuma shi iska ta fi sha a hanya, musamman busasshiyar iska irin ta hunturu, sannan katanga tana tare shi. Kakkauran sauti irin na tambari ko na injin jirgi kuwa yana da dogon zango, wato tazarar da ke tsakanin matsin iska ɗaya da na bayansa tana da tsawo, yana kewaye gini kamar yadda ruwa yake kewaye dutse. Shi ya sa idan ana biki a wata unguwa da dare, dukan gangar ne kawai yake iso maka, waƙar ta maƙale a hanya, kuma shi ya sa rufe taga yake kashe muryar maƙwabci amma ba ya kashe gurnanin janaretonsa.

Shi ma kunnen yana da nasa kaso, ko da yake ƙarami ne. Wanda ya wuni a Kantin Kwari ko kusa da injin niƙa jinsa yakan ɗan dushe na wasu sa'o'i, ya dawo bayan ya huta, kuma mutumin da ke kwance a duhu ba abin da yake ɗauke masa hankali sai abin da ya ji.

Game da ko ladanai suna ƙara murya, galibi ba sa taɓa komai, kuma a nan matsalar take. Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. An sayo sabon amfilifaya a wani masallaci, na je na haɗa shi bayan azahar, na tura yaro ƙarshen layi ina murɗa maɓalli yana ɗaga mini hannu, har sai da ya ce yana ji sosai duk da hayaniyar titi. Na sauko ina jin na yi aiki. Washegari bayan asuba sai ga wani dattijo da gidansa yake fuskantar ƙahon lasifikar ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, “Malam, jiya ka gyara mana ne ko ka ɓata? Jikana ya firgita, har yanzu uwarsa ba ta samu ya koma barci ba.” Na auna ƙarar da rana, na manta cewa da asuba babu abin da za ta yi gogayya da shi. Tun daga ranar nake manna alama biyu a jikin maɓallin, ɗaya ta azahar da la'asar, ɗaya ƙasa da ita ta asuba da isha, kuma ba a taɓa samun wanda ya makara saboda haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 idan ana son barci mai kyau, kuma wannan ya fi shafar mai kunna janareta ya kwana da shi a jikin tagar maƙwabci fiye da kiran salla na minti uku.

Idan kana so ka tabbatar da wannan da kanka, akwai manhajojin auna ƙara da ake saukewa a waya. Ba su kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa gwada lokaci da lokaci. Ka tsaya a wuri guda a tsakar gidanku, ka auna hayaniyar gari kafin a fara kiran azahar da kuma kafin na asuba, sannan ka auna lokacin da masallacin bakin titinku yake kira. Za ka tarar kiran nasa bai sauya sosai ba, hayaniyar da ke kewaye da shi ce ta faɗi. Na nesan kuwa sai ka riƙa rubuta ranakun da ka ji su tar da waɗanda ba ka ji ba, kana duba hayaƙin mai ƙosai da safe ko ya kwanta ko ya miƙe, da kuma ɓangaren da iska take busowa. Ka yi haka mako biyu a Janairu, ka ajiye takardar, ka sake yin wasu mako biyun a Agusta ka gwada su.